Ma'anar "tallafin bincike", da abin da ya raba shi da tallafin shinkafa

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kalmar tallafi ba ta ƙara samun hutu ba. Aka cire na mai, aka kawo na rage raɗaɗi, wato shinkafa da taliya da 'yan kuɗin da ake turawa ta waya. Ga na taki, ga na 'yan kasuwa. Ɗan majalisa ya raba buhunan masara a mazaɓarsa, tallafi; ya biya wa yara kuɗin jarrabawa, tallafi. Wannan bai dame ni ba, kowa ya san abin da ake nufi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka jawo kuɗin bincike aka cusa a wannan buhun. Sai ka ji mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa wata ƙungiya a Turai za ta "tallafa wa ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi" su yi bincike kan kiwon lafiya, washegari ɗalibai sun cika ƙofar ofishin malami suna tambayar inda ake rubuta suna.

Abu uku ne aka haɗa a baki ɗaya. Akwai rance, irin na asusun rancen ɗalibai na NELFUND da aka buɗe shafinsa a Mayun 2024: ba ruwa a kansa, amma bashi ne, ana fara biya shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Mai kiran wannan tallafi a rediyo yana cutar mai sauraro. Akwai sikolashif, a biya maka karatu don ƙoƙarinka ko don rashinka, kai dai ka ci jarrabawa. Sai na ukun, wanda 'yan boko ke kira giran, mu kuma muka ce tallafin bincike. A kansa maganar take.

A Hausa, tallafa shi ne ka sa hannu ƙarƙashin abin da ba zai iya tsayuwa da kansa ba, kamar yadda uwa ke tallafe kan jinjiri. Daga nan aka sami tallafi irin na kakanninmu, inda goggo ko kaka ke ɗaukar yaro bayan yaye ta riƙe shi a ɗakinta. Duk inda ka juya kalmar, mai karɓa shi ne mai rauni, kuma ba abin da ake jira daga gare shi sai godiya da albarka. To, a giran maganar a juye take. Mai ba da kuɗin shi ne mabuƙaci. Yana da tambayar da yake son amsarta, ba zai iya zuwa Kubau ko Kachiya da kansa ba, sai ya nemi wanda zai iya. Kuɗin aike ne: an ba ka, an faɗa maka abin da za ka sayo, za ka dawo da kaya, da lissafi, da canji in ya ragu. Ba ruwan mai aiken da ko ka karya kumallo.

A ce ga ɗaliba a ajin ƙarshe, sashen nazarin halittu a Jami'ar Jihar Kaduna ko a ABU Zariya, furojet ɗinta, wato binciken kammala digiri, kan tsargiya ne a wata makarantar firamare ta gefen madatsar Kangimi, a ƙaramar hukumar Igabi. Tambaya ce mai kyau. Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta, kuma har yanzu akwai wuraren da ake ɗaukar jini a fitsarin yaro namiji alamar balaga, alhali tsutsa ce da ke fitowa daga jikin dodon koɗi ta huda fatar yaro yana wanka ko kamun kifi, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Me ɗalibar ke buƙata? Kwalaben ɗibar fitsari, ɗaya ga kowane yaro. Safar hannu. Tsinken gwaji mai nuna jinin da ido ba ya gani. Takardar tacewa, gilasan ɗora samfur, da izinin amfani da madubin likita a ɗakin gwaji. Kuɗin mota, kuma ba zuwa ɗaya ba, domin fitsarin da ake so na tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana ne, lokacin da ƙwai suka fi fita. In ta makara a hanya, ranar ta tashi a banza. Za ta tace mililita 10 daga kowane yaro ta ƙirga ƙwai ɗaya bayan ɗaya, in sun kai 50 ta rubuta cewa cutar ta yi masa yawa, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Kafin ta taɓa kwalba ko ɗaya, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba tsarinta ya amince a rubuce. Sai ta bi ta ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ta gaida mai gari, ta zauna da hedimasta, ta sami yardar iyaye, shi ma yaron a tambaye shi. Masu ganin wannan ɓata lokaci ne su tuna Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, yara 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da aka fitar a 2007 bai faɗo daga sama ba. Sannan duk yaron da ta samu da cutar, ba za ta rubuta lambarsa ta yi gaba ba, dole a san yadda zai sami magani. Maganin yana nan, praziquantel, ana auna shi da nauyin yaro ko da tsawonsa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan layi ne a kasafi, da farashinsa a gefe. Wannan kasafin shi ne giran. Ba kuɗin makaranta a ciki, ba na haya, ba na sabuwar waya. In kuɗin mota ya ƙare na safar hannu ya ragu, a yawancin tsare-tsare ba ta da ikon ɗebo wannan ta zuba a wancan sai ta rubuta ta nemi izini. A ƙarshe ga abin da ma'aikatan ofis ke kira ritaya, wato kawo rasit na kowane kwabo, ga kuma rahoto. Kuma ko da ta duba yaran kaf ba ta sami ƙwai ko ɗaya ba, ta sauke nauyi, matuƙar ta yi aikin bisa ƙa'ida. Amsar aka biya, ba amsa mai daɗi ba. Wanda ya ƙirƙiro lambobi don rahoto ya yi armashi, shi ne ɓarawon, ko da bai ci sisi ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Manyan kuɗin bincike ba a zuba su a asusun ɗalibi, ba a ma zuba su a asusun malami. Jami'a ake ba, ita ke sa hannu, sannan ta cire wani kaso na wuta da ruwa da ma'aikatan lissafi. Cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, tana ba cibiyoyin ƙasashen waje kashi 8 cikin 100 na irin wannan, Gidauniyar Gates kuwa takan kai 15. A gida, TETFund, hukumar asusun manyan makarantu da ke samun kuɗinta daga harajin da ake cirewa a ribar kamfanoni, tana da asusun bincike na ƙasa da kuma ƙananan kuɗin bincike na cikin makarantu, amma duka na malamai ne. Ɗalibin digirin farko ba ya cikin lissafi. Shi ya sa ɗalibar can ta Kangimi, a zahiri, daga aljihun mahaifinta za ta yi aikin, ko ta rage yawan yaran, ko ta watsar da madubin ta koma raba takardar tambayoyi a cikin makaranta. Ina ganin wannan ne babban dalilin da ya sa furojet da yawa suka koma "ilimi da ra'ayin ɗalibai game da kaza": ba lalaci ba ne kawai, takarda ta fi tsinken gwaji araha.

Ƙofar da ta fi buɗuwa ga ɗalibi ita ce ta malamin da ya riga ya ci giran yana neman hannu: mai tattara bayanai, mai shigar da su kwamfuta, mai tafinta. Kaduna ba ta rasa irin waɗannan wurare ba. Ga asibitin koyarwa na Shika da na Barau Dikko, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa, ga ta Kunne, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ga cibiyar binciken sammore a Unguwar Rimi. Ɗaliban likitanci suna da musayar bincike ta makonni huɗu ta ƙungiyarsu ta duniya, IFMSA, sai dai yawanci tikiti a wuyan ɗalibi yake. Ƙungiyar RSTMH ta Landan, wadda aka kafa a 1907, ta shekara da shekaru tana ba masu fara bincike ƙaramin giran da ya kai fam 5,000 na shekara guda, ba tare da duba ƙasar mutum ba. Wannan ya fi dacewa da wanda ya gama ko yake dab da gamawa, kuma yana da malamin da zai tsaya masa. Su kuwa sanarwoyin da ke yawo a WhatsApp na "damar bincike kan lafiyar duniya ga ɗaliban digirin farko", a karanta su har ƙasa. Da yawansu na jami'o'in Amurka ne, don ɗalibansu su kaɗai, a ba yaro 'yan dubban daloli ya zo Afirka lokacin hutu. Wanda kuma aka ce sai ka biya kuɗin fom kafin a sake maka miliyoyi, wannan ba giran ba ne, damfara ce.

Waɗancan ɗaliban da ake turowa su ne suka sa ba na iya bayanin "lafiyar duniya" ba tare da na ɗan yamutsa fuska ba. A takarda, ma'anarta nazarin matsalolin lafiya da ba su san iyakar ƙasa ba, da neman daidaito tsakanin mai shi da marar shi. A aikace, sau da yawa, baƙo ne ke zuwa da kasafi, ɗan gida ya yi tafinta ya ɗauki kwalabe, takarda ta fito da sunan baƙo a sama, na ɗan gida a sakin layin godiya. Abin yana da asali. Makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, da aka kafa a 1898, attajirin jiragen ruwa Alfred Jones ne ya sa kuɗinta, mutumin da jiragensa ke zirga-zirgar Afirka ta Yamma. A nan jiharmu ta Kaduna, wajen 1937, Turawa suka fara aikin Anchau: suka sare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando, suka tashi ƙauyuka, suka gina sabon gari suka sa masa suna Takalafiya. Cibiyar Unguwar Rimi ma tun 1947 aka kafa ta, don Afirka ta Yamma baki ɗaya. An ceci rayuka, ba mai musu. Amma ciwon barci da sammore suna kashe masu biyan haraji da shanun jangali, kuma mai kuɗin ne ya zaɓi cutar da za a fara da ita.

Har gobe haka ne. A 1990 wani kwamitin ƙasa da ƙasa kan binciken lafiya ya nuna cewa ɗan ƙanƙanin kaso ne na kuɗin binciken duniya ke zuwa ga cututtukan ƙasashe matalauta, abin da daga baya aka riƙa kira giɓin 10 da 90 (kashi 10 na kuɗin ga kashi 90 na matsalar), ya kuma shawarci ƙasashe irin tamu su ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiyarsu don bincike. Mun ji, mun ci gaba da jiran na waje. Da gwamnatin Trump ta dakatar da agajin ƙasashen waje a Janairun 2025, ta kuma rushe hukumar agajin Amurka, USAID, zuwa tsakiyar shekarar, ayyuka suka tsaya cak a ƙasashe da dama, da samfur a firji da ma'aikata a fili. Ranar ce wasu suka gane cewa abin da suke kira tallafi kwangila ce mai wa'adi, kuma mai ita yana iya soke ta.

Don haka idan na ji ɗan siyasa a Kaduna ya ce zai ba ɗalibai tallafin bincike, tambayata ɗaya ce: wa zai zaɓi waɗanda za a ba? In ofishinsa ne, da jerin sunaye daga mazaɓu da hoto a gaban allon kwali, to shinkafa ce aka canza wa buhu. In da gaske yake, ya miƙa kuɗin ga jami'a, kwamitin malamai ya karanta tsare-tsaren ba tare da ganin sunan mai su ba, a ba ashirin da suka fi tsari abin da zai ishe su kwalabe da mota, a kuma yi yarjejeniyar cewa za a buga sakamakon ko me ya nuna. Ya dai sani tun yanzu, ɗaya daga cikin ashirin ɗin tana iya zaɓar auna ruwan rijiyar burtsatsen da ya gina da sunansa a jiki.