Albashin naira 70,000 da gidan mutum goma: abin da doka ta ce da wanda ta yi shiru a kai

Ranar 29 ga Yuli, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta ɗaga shi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a wata. Tun daga lokacin ake ta tambaya a majalisu da zauruka: wannan kuɗi zai riƙe gida mai mutum nawa? Amsar da ke cikin dokar ita ce babu ruwanta da wannan. Ma'aikaci ɗaya take kallo da aikin da ya yi a wata. Gwauron da ke kwana a shago da magidancin da ke da mata biyu da 'ya'ya tara, in dai matakinsu ɗaya, doka ta yi musu kuɗin goro. Ya kamata duk mai babban iyali ya san wannan tun da wuri, don kada ya ɗora wa dokar nauyin da ba ta ɗauka ba, kuma don ya san inda zai nemi haƙƙinsa.

Ga abin da dokar ta tanada. Mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ce ko kamfani, ba shi da ikon biyan ƙasa da naira 70,000 a wata. Ko da ma'aikacin ne da kansa ya yarda da ƙasa da haka, ya sa hannu a takarda saboda matsuwa, wannan yarjejeniya ba ta da ƙarfi a gaban shari'a. Wanda ya karya dokar ana iya cin sa tara, a kuma tilasta masa biyan duk bashin da ya taru. Ma'aikaci ko ƙungiyarsa ta ƙwadago na iya kai ƙara kotun ma'aikata ta ƙasa. Gyaran na 2024 ya kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara 5 zuwa shekara 3, wato a 2027 ya kamata a koma teburi. Tun da kundin tsarin mulki ya bar batun a hannun majalisar tarayya kaɗai, gwamna ba zai iya saukowa ƙasa da wannan adadi ba, sai dai ya ƙara. Shi ya sa Kano ta sanar da 71,000, Kaduna 72,000, Legas kuma 85,000.

Sai dai dokar tana da ƙofofin fita, kuma ta nan ne mafi yawan mutanenmu suka zube. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ta shafi masu aikin wucin gadi na 'yan awoyi ba, ko waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, ko masu aikin da ke zuwa da kaka da damina kamar ƙwadagon gona. A ɗauki malamar makarantar kuɗi ta unguwa mai malamai 15, ko yaron shago a Kantin Kwari, ko mai gadin gida, ko direban A Daidaita Sahu da ke kai balas kullum yamma. Duk cikinsu babu wanda zai iya riƙe wannan doka ya je kotu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba sa cikin aikin albashi mai tsari. Manomi, ɗan tireda, tela, mai faci, mahauci, su ne ke riƙe da manyan gidajen Arewa, kuma dokar ba ta san da zamansu ba.

To daga ina maganar iyali ta shigo? Daga wajen ciniki. A farkon 2024 gwamnati ta kafa kwamitin mutum 37 ƙarƙashin Bukar Goni Aji, ya haɗa wakilan gwamnati da na kamfanoni da na ƙwadago. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago biyu, NLC ta Joe Ajaero da TUC ta Festus Osifo, suka buɗe da naira 615,000. Jama'a da dama sun yi dariya da jin adadin, amma wanda ya duba yadda aka tara shi zai daina dariya. Sun yi lissafin ne a kan gida mai mutum 6: miji, mata, 'ya'ya 4. Suka ba kowane mutum abincin naira 500 sau uku a rana, wato naira 9,000 kullum, naira 270,000 a wata. Suka sa sufuri 110,000, haya 40,000, makaranta 50,000, magani 50,000, gas ko kananzir 35,000, sauran kuma wuta da ruwa da sutura da tsafta. Babu nama na musamman a ciki, babu kayan sallah, babu gudummawar biki ko suna, babu tsohuwar da ke ƙauye tana jiran saƙo. Gwamnati ta fara tayi da 48,000, aka yi ta ja-in-ja har yajin aikin 3 ga Yuni, 2024, wanda ya kashe wutar ƙasar baki ɗaya ya tsayar da filayen jirgin sama. Kafin yajin aikin ƙwadago ta riga ta sauko zuwa 494,000, bayansa ta sake saukowa 250,000, daga ƙarshe aka daidaita a kan 70,000 tare da alkawarin rage wa'adin sake dubawa.

Yanzu a yi lissafin da kowace uwargida ke yi ba tare da alƙalami ba. Naira 70,000 in aka raba ta kwana 30, kusan naira 2,330 ke nan a rana. Gida mai mutum 6, kowa ya tashi da abin da bai kai naira 400 ba. Gida mai mutum 10, kowa naira 233. Wannan kuwa in an ɗauka duk albashin abinci za a saya, ba a biya haya ba, ba a hau mota zuwa wurin aiki ba, ba a cire kashi 8 cikin 100 na fansho da dokar 2014 ta wajabta wa ma'aikaci ba. A tsakiyar 2024, lokacin da ake wannan ciniki, hukumar ƙididdiga ta ƙiyasta cewa abinci mai gina jiki mafi araha na baligi ɗaya ya haura naira 1,200 a rana a faɗin ƙasa, hauhawar farashin abinci kuma ta wuce kashi 40 cikin 100, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira. Da wannan ma'auni, albashin da doka ta yanke bai ma kai ya ciyar da manya 2 ba.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo ranar 20 ga wata ya san yadda lissafin nan ke kama a zahiri. Magidanci ya zo da niyyar kwano 2 na masara, ya ji farashi, ya ce a auna masa ɗaya da rabi, sannan ya rage murya ya ce a rubuta a littafi sai wata ya yi. A gida kuma uwargida ta mayar da girki sau biyu, ta ƙara wa kunu ruwa, ta ɗora wa 'yar shekara 9 farantin gyaɗa bayan an tashi daga makaranta, wani lokacin ma kafin a tashi. Giɓin da albashi ya bari, da tallan yara da adashin mata da bashin mai shago ake cike shi. Ni wannan ne ya fi damuna a duk maganar, domin yaron da aka cire daga aji don ya kawo kuɗin cefane shi ne gobe zai zama magidancin da dokar albashi ba za ta shafa ba.

Gidan mutum 6 ɗin nan ba ƙungiyar ƙwadago ce ta ƙirƙiro shi ba. Ya daɗe a cikin takardun gwamnati. Manufar yawan jama'a ta 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, ta ba da shawarar 'ya'ya 4 ga kowace mace, shawara ce ba tilas ba. Tsohuwar dokar harajin albashi tana ba da ɗan sassauci a kan 'ya'ya, amma iyakarsa 4. Inda abin ya fi taɓa mutane a yau shi ne inshorar lafiya. Tsarin ma'aikata na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta sabunta, yana ɗaukar ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'yan cikinsa 4 da ba su kai shekara 18 ba. Na biyar da na shida, da amarya in akwai, sai an yi musu rajista daban an biya ƙari. Ma'aikacin da ke da 'ya'ya 8 sai ya zauna ya zaɓi waɗanda zai rubuta, kuma da yawa ba sa sanin akwai hanyar ƙara sauran sai ranar da ciwo ya kama wanda ba ya cikin kati.

A gwada wannan da yadda gidajenmu suke. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Najeriya 5.3 ne, a Arewa maso Yamma kuma 6.6. Wannan na mace ɗaya ke nan. In aka haɗa da auren mace fiye da ɗaya, da riƙon marayun 'yan'uwa, da iyaye tsofaffi, gidan mutum 10 ko 15 ba abin mamaki ba ne a Katsina ko Haɗeja ko Gusau. Tsarin da aka auna da mutum 6 ya yi wa irin wannan gida kaɗan tun kafin a fara. Maƙwabciyarmu Nijar, da ta gaji tsarin Faransa, tana da kuɗin iyali da asusun kula da ma'aikata ke biya bisa yawan 'ya'yan ma'aikacin da ke da rajista. Kuɗin ba su da yawa kuma masu samu 'yan tsiraru ne, amma aƙalla tsarin ya yarda cewa yawan baki yana canja lissafi. Najeriya ba ta da irin wannan a dokar albashinta.

Wasu kan kawo sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka ce gwamnati za ta karkata manufofinta wajen samar wa kowa matsuguni da abinci wadatacce da albashin da zai riƙe rayuwa. Maganar tana nan a rubuce. Amma tana cikin babi na 2, kuma sashe na 6 na kundin ya hana kotuna sauraron ƙara a kan rashin cika alkawuran wannan babi. Don haka babu wanda zai iya kai gwamnati ƙara ya ce 70,000 ba ta ciyar da iyalinsa. Abin da kotu za ta saurara shi ne in an biya shi ƙasa da 70,000 alhali wurin aikinsa na cikin waɗanda dokar ta hau.

A ɓangaren shari'ar Musulunci, wadda kotunanmu ke aiki da ita a sha'anin iyali, nauyin a bayyane yake: ci da sha da sutura da muhalli na mata da 'ya'ya suna kan miji, gwargwadon ƙarfinsa da al'adar garinsa. Alƙali kan yanke kuɗin ciyarwa in mace ta kai ƙara, yana duba samun mijin. Nan ma babu wani adadi da aka ce sai mutum ya mallaka kafin ya yi aure ko ya ƙara. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo batun dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure, aka yi ta cece-ku-ce a kai. Babu wata doka a Najeriya da ta ƙayyade yawan 'ya'ya ko ta gindaya yawan samu kafin a haihu, kuma ba na ganin irin wannan doka za ta yi aiki a ƙasar da ba a san samun yawancin mutane a rubuce ba. Amma tambayar da ya tayar tana nan daram: wanda ya ɗauki nauyin rayuka goma sha, shi shari'a za ta fara tambaya, kafin gwamna, kafin shugaban ƙasa.

Ra'ayina shi ne, ga babban gida, ƙarin albashi kaɗai ba zai taɓa kamo tsadar rayuwa ba. Tarihi ya nuna haka: naira 125 a 1981 zamanin Shehu Shagari, 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, kowanne farashi ya cinye shi kafin a kai ga na gaba. Abin da ke rage wa mai 'ya'ya da yawa nauyi shi ne abin da ake bai wa kowane yaro a kan kansa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma tilas, har ta tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi kai 'ya'yansu. In makarantar gwamnati tana da malamai da kujeru, mai 'ya'ya 8 ya tsira daga kuɗin makaranta sau 8, abin da babu ƙarin albashin da zai yi masa. Haka asibitin sha-ka-tafi mai magani, haka ciyar da ɗalibai a makaranta. Kuma waɗannan suna isa ga manomi da tela da mai faci, waɗanda dokar albashi ta tsallake.

Ma'aikacin da dokar ta shafa ya duba takardar albashinsa, ya tabbatar jimillar ba ta gaza 70,000 ba kafin cire-ciren da doka ta yarda da su. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi ba a cire masa harajin albashi, don haka in ya ga an cire, ya tambaya. Ya ƙirga ma'aikatan wurin, in sun kai 25 kuma ana biyansa ƙasa da haka, ya adana takardar ɗaukarsa aiki da shaidar shigar kuɗi ta banki, ya kai wa ƙungiyarsa ko ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke jiharsa. In yana cikin inshorar lafiya kuma 'ya'yansa sun wuce 4, ya je ya tambayi kuɗin ƙara sauran tun suna lafiya. Kafin zaman 2027 kuma, wakilan ƙwadago na jihohin Arewa suna da hujjar neman a sauke sharaɗin ma'aikata 25, kamar yadda dokar 2019 ta sauke shi daga 50, domin malaman makarantun kuɗi da ma'aikatan ƙananan asibitoci da gidajen burodi su shigo ciki.