Albashin masu sanya lambobin cututtuka da masu haɗa takardun biyan asibiti a Amurka

A Amurka, duk abin da likita ya rubuta a fayil ɗin majiyyaci sai an mayar da shi lambobi kafin kamfanin inshora ya biya ko sisi. Ciwon suga nau'i na biyu da bai jawo wata matsala ba, lambarsa E11.9 ce a tsarin lambobin cututtuka na ICD-10-CM, wanda ƙasar ta koma kansa ranar 1 ga Oktoba 2015. Aikin da likitan ya yi kuma yana da tasa lambar a tsarin CPT. Mai sanya lamba ne ke wannan aiki, shi kuwa mai haɗa takardar biya ya aika wa inshora, ya bi sawun kuɗin. Ƙaramin asibiti yakan ɗora wa mutum ɗaya duka biyun.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka na watan Mayun 2023 sun nuna cewa rabin ma'aikatan bayanan lafiya, rukunin da masu sanya lamba ke ciki, na samun sama da dala 48,780 a shekara, rabi kuma ƙasa da haka. Wannan ya kama dala 23.45 a awa, kafin a cire haraji. Kashi 10 na ƙasa ba su kai dala 35,080 ba, kashi 10 na sama sun haura dala 77,810.

Abin da ya fi raba albashin shi ne takardar shaida da irin fayil ɗin da mutum ke karantawa. Ƙungiyoyin masu wannan sana'a ne ke bayar da shaidar ƙwarewa a sanya lamba: AAPC na bayar da shaidar CPC, AHIMA kuma CCS. Mai sanya lamba a fayil ɗin waɗanda aka kwantar a asibiti, da tsarin ICD-10-PCS na ayyukan da aka yi musu, ya fi na ɗakin ganin likita samu, domin lambarsa ɗaya na iya sauya dubban daloli a kuɗin da za a biya asibitin. Wanda haɗa takardar biya kawai yake yi yakan zo a baya wajen albashi.

Sabon shiga ne ke shan wuya. Ko ya ci jarrabawa, shaidarsa CPC-A ce, wato ɗan koyo, kuma harafin A ɗin ba ya fita sai ya nuna gogewar aiki, yawanci ta shekara biyu, alhali asibitoci da yawa gogaggu suke nema. Ya kamata mai shirin biyan kuɗin kwas ya san haka tun farko.

Wuraren aiki da dama na buƙatar a ƙalla kashi 95 na lambobin su fito daidai. Lambar da ba ta dace da rubutun likita ba takan sa inshora ya ƙi biya, wadda aka kumbura da gangan don a biya fiye da kima kuma zamba ce a dokar tarayya.