Kwalin ƙwai ba ya tare ƙara

A Sakkwato, da yaro ya sayi makirfo zai fara ɗaukar waƙa a ɗakinsa, sai ya bi masu shayi yana tattara kwalin ƙwai ya lulluɓe bango, wai don kada ƙarar janareton maƙwabta ta shigo. Ai kuwa tana shigowa abinta. Nauyi ne ke tare ƙara: bulo mai kauri, ƙofa mai nauyi, da toshe duk wata kafa, har ta ƙarƙashin ƙofa. Kwalin da iska ke ɗauka me zai tare?

Rage amsa-kuwwar cikin ɗaki aiki ne daban. Nan ma tsohuwar katifa, ko bargo mai kauri da aka rataya ɗan nesa da bango, ya fi kwalin amfani. Ga kwalin kuma da saurin kama wuta.