Dokar hannu: inda ƙwallon ƙafa ya rabu da 'yan uwansa

Ran nan a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu muna jiran a fara wasa sai mai gidan kallon ya bar tashar a kan ƙwallon zari-ruga, wasu ƙarti sun rungume ƙwallo mai kama da gwanda suna ta gudu ana kayar da su, sai wani yaro a bencin gaba ya miƙe yana cewa "hannu ne wallahi, wai ina alƙalin wasan yake?" Aka yi ta masa dariya, amma da ya juyo ya ce to me ya sa su ba a busa musu, duk cikinmu babu wanda ya iya ba shi amsa.

Maganar ita ce wasannin da ake kira ƙwallon ƙafa a duniya suna da yawa, kuma kusan duk dangi ne, babban abin da ya raba su shi ne me doka ta yarda hannu ya yi. Da can a Ingila kowace makaranta da irin nata wasan, wasu na ɗaukar ƙwallo su ruga, wasu ƙafa zalla. A ranar 26 ga Oktoba 1863 wakilan wasu kulob suka zauna a Freemasons' Tavern da ke Landan suka kafa FA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, don a samu doka ɗaya, aka yi ta zama har Disamba, rigimar kuma a kan abu biyu ce: gudu da ƙwallo a hannu, da harbin ƙaurin abokin hamayya da gangan. Eh, harbin ƙauri, a lokacin halas ne a wajen wasu. Da aka soke su biyun sai kulob ɗin Blackheath ya ce shi kam bai yarda ba ya fice, a 1871 masu irin ra'ayinsa suka kafa hukumar zari-ruga tasu. Abin mamaki ma dokokin farko na FA guda 13 ba su hana hannu gaba ɗaya ba, an yarda ka cafe ƙwallo daga sama ka tsaya ka buga, sai daga baya aka cire.

To yanzu me dokar tamu ta ce? Dokokin ƙwallon ƙafa 17 ne, maganar hannu tana cikin ta 12, kuma ba kowane taɓa ƙwallo da hannu ne laifi ba, nan ne mutane suke yawan kuskure. Na farko sai ka san ina hannun ya fara: daga daidai ƙasan hammata ne zuwa yatsu, saboda haka kafaɗa ba hannu ba ce, kana iya cin ƙwallo da ita. Laifi yana tabbata idan ka kai hannu ga ƙwallo da gangan, ko ka baza hannu ta yadda jikinka ya ƙara faɗi ba tare da motsin da kake yi ya buƙaci haka ba, misali mai tsaron baya ya yi tsalle hannu a sama kamar mai addu'a ƙwallo ta buge shi, ba ruwan alƙali da cewa bai yi niyya ba. Amma in hannunka na inda ya kamata ya kasance, kana gudu ko ka faɗi ka dafa ƙasa ƙwallo ta zo ta same shi, wannan ba laifi. Sai na ukun da babu uzuri a cikinsa: in ƙwallo ta taɓa hannunka ta shiga ragar abokan hamayya, ko ta taɓa kai kuma nan take ka ci, an soke ko da bisa tsautsayi ne. Daga 2021 in hannun abokin wasanka ta taɓa bisa kuskure kafin ta iso gare ka, ƙwallonka ta ciyu. Ni dai a ganina kalmar "ƙara faɗin jiki" ɗin nan ita ce ta bar ƙofa a buɗe, alƙalai biyu za su kalli hoto ɗaya a VAR, na'urar bidiyon da ke taimaka wa alƙali, kowa ya ga nasa.

Gola shi ne aka ware, shi ma da sharaɗi. Tun 1912 aka tsare hannunsa a cikin yadi 18, a 1992 aka hana shi kama ƙwallon da ɗan kulob ɗinsa ya mayar masa da ƙafa da gangan, sannan daga 2025 in ya riƙe ƙwallo ya wuce daƙiƙa 8 bugun kwana za a ba abokan hamayya.

A zari-ruga kuwa hannu ne sarki, sai dai ba a jefa ƙwallo gaba, baya ko gefe kawai, in kana so ta yi gaba sai ka ruga da ita ko ka buga da ƙafa. Ka sauke ta a bayan layin abokan hamayya maki 5, bugun da ke biyo baya maki 2. Ita ma ta rabu biyu a 1895 a garin Huddersfield, kan maganar biyan ma'aikata kuɗin ranar aikin da suka rasa saboda wasa, shi ya sa akwai ta mutum 15 akwai ta mutum 13, makin da na faɗa na ta mutum 15 ne. Ta mutum 15 ɗin ce Afirka ta Kudu ta ci kofin duniyarta sau huɗu, 1995, 2007, 2019 da 2023.

Amurkawa daga zari-ruga suka samo nasu, a 1906 suka halatta jifa gaba amma sau ɗaya a kowane yunƙuri, mutum 11 ne, ana ba ku dama huɗu ku ci yadi 10 in kun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kanada mutum 12 dama uku. Shi ya sa in Ba'amurke ya ce futbol ba tamaula yake nufi ba, tamu soka yake ce mata.

Na Ostireliya shi ya fi ba ni dariya, an rubuta dokokinsa a Melbourne tun 1859, ka ga ya girmi na FA ke nan, mutum 18 a fili mai siffar ƙwai, ka riƙe ƙwallo ka ruga amma duk mita 15 sai ka buga ta da ƙasa, kuma jifa haramun ne, sai dai ka ɗora ta a tafin hannu ka naushe ta da ɗayan. A Ayilan kuma akwai na Gelik, ƙwallon zagayayya ce kamar tamu, taku huɗu kawai za ka yi da ita a hannu, ta shiga raga maki 3, ta bi ta saman sanda ma akwai maki.

Inda bambancin ya fi ciwo shi ne hukunci. A zari-ruga ta mutum 15 in ka yi laifi ka hana cin da ya riga ya tabbata, alƙali ba su makin kawai yake yi, 7 cif. A namu babu wannan, ƙwallon da ba ta tsallake layi ba ba ta ciyu ba, iyakar doka jan kati da fenareti. Duk wanda ya kalli Gana da Yurugwai a gasar kofin duniya a Johannesburg ranar 2 ga Yuli 2010 ya san haka, minti na ƙarshe na ƙarin lokaci Dominic Adiyiah na Gana ya sa kai ƙwallo za ta shiga, Luis Suarez na Yurugwai ya sa hannu ya doke ta a kan layi, alƙali ya yi daidai abin da doka ta ce ya kore shi ya ba da fenareti, Asamoah Gyan ya buga ta daki sandar sama, aka je bugun fenareti Yurugwai ta ci 4 da 2. Har yau in ka tayar da zancen nan a zangon Kumasi ko unguwar Nima ta Accra sai an yi tsaki.

Masu cewa FIFA ta gyara kuwa, ba ita kaɗai ke da wuƙa da nama ba. Dokokin suna hannun IFAB ne, hukumar tsara dokokin ƙwallon ƙafa da aka kafa a 1886, ƙuri'a 8 ce a ciki, FIFA na da 4, Ingila, Sikotlan, Wales da Ayilan ta Arewa kowacce ɗaya, kuma sai an samu 6 kafin a taɓa ko da layi ɗaya.