Sunan Buonarroti: ga amsoshin, dan Allah a karanta kafin a sake tambayata

Tunda na yi maganar gidan su Michelangelo da ke Firenze, birnin Italiya da Turawan Ingila ke kira Florence, tambayoyin nan suke ta zuwa, in amsa wa wannan yau, gobe wani ya dawo da ita sak, wasu ma ba sa karanta amsar sai su ƙara turo wata. Toh na tattara su wuri guda. Wanda ya sake tambayar abin da ke nan zan ce masa ya koma sama ya karanta.

Wai Buonarroti sunan waye?

Sunan gidan su Michelangelo ne, mai sassaƙa da zanen nan na Italiya da aka haifa ranar 6 ga Maris 1475 a ƙauyen Caprese ya rasu a Roma ranar 18 ga Fabrairu 1564. Cikakken sunansa Michelangelo di Lodovico Buonarroti Simoni. Michelangelo sunan yanka ne, Lodovico babansa ne, sauran na gida ne.

Yaya ake faɗinsa?

Bu-wo-nar-ro-ti, a ɗan danna kan "ro". R biyu, t ɗaya. Mu da muke cewa "harrr" da "sarrafa" ba mu da uzurin kasa faɗin r biyu. Shi kuma mai sunan Mikelanjelo ake cewa, ba Mishel ba.

Me yake nufi?

Nan ne ni abin ya fi taɓa ni. Asalinsa sunan yanka ne, Buonarroto, wani lokaci Buonarrota, kuma kalmomi biyu ne aka haɗa a tsohon yaren Toskana, yankin da Firenze take ciki: buona, wato mai kyau, da arrota, wato ƙari, abin da aka ɗora a kan wanda ake da shi. Kun san yadda in an yi haihuwa a gida muke cewa mun samu ƙaruwa? Toh shi ne dai, ba ragi ba ƙari. Uba ya kalli jaririnsa ya ce wannan ƙaruwa ce ta alheri, ya raɗa masa hakan. Mutanen Toskana na wancan zamanin suna son irin waɗannan sunaye na fata da addu'a, akwai Benvenuto wato barka da zuwa, akwai Bonaventura wato kyakkyawan rabo, akwai Bonaiuto wato taimako mai kyau, har da Diotisalvi wato Allah ya tsare ka. Wanda ya tashi a inda ake sa wa yaro Barka ko Alheri ko Nagari ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shi kuma i ɗin ƙarshe na jam'i ne. Buonarroto mutum ɗaya, Buonarroti 'ya'yansa da jikokinsa, kamar a ce "su gidan Buonarroto". Shi ya sa sunayen Toskana da arewacin Italiya da yawa ke ƙarewa da i, na kudu kuma suka fi ƙarewa da o, Rossi a can sama, Russo a can ƙasa, ma'ana ɗaya, mai jan gashi.

Ba daga Larabci aka samo shi ba?

A'a. Ba duk sunan da ya fara da "Bu" ne ya fito daga Abu ba. Ku daina.

To Simoni fa, daga ina ya fito?

Wani kakansu ne Simone. A Firenze ta da mutum yakan jero sunansa da na uba da na kaka, kamar yadda muke yi, a hankali ɗaya daga ciki ya kafe ya zama na gida. Su gidan nan sunaye biyu suke ta maimaitawa a tsakanin 'ya'ya, Simone da Buonarroto, sai duka biyun suka manne musu. Ƙanin Michelangelo ma Buonarroto aka sa masa, wato Buonarroto Buonarroti.

Jinin sarauta ne?

Ba sarakuna ba ne. Tsohon gida ne na Firenze da ya taɓa yin harkar canji da kasuwanci yana kuma riƙe ƙananan muƙamai a birni, amma lokacin da aka haifi Michelangelo arzikin ya ja baya sosai, baban yana Caprese ne a kan aikin hakimci na 'yan watanni, shi ya sa ma aka haife shi a can. Shi dai Michelangelo ya yarda ɗari bisa ɗari cewa su zuriyar masu sarautar Canossa ne, a 1520 wani Alessandro na gidan Canossa ya rubuto masa wasiƙa yana kiransa ɗan'uwa, almajirinsa Ascanio Condivi ya sa maganar a tarihinsa da ya wallafa a 1553, amma masana tarihi sun bi takardu ba su ga igiyar da ta haɗa su ba. Kuma kada wani ya yi masa dariya, mutum ne da sunan gidansu ke ci masa rai, kuɗin da ya tara da gumi ya riƙa saya wa dangi gonaki da gidaje don a ɗaga sunan, a 1548 har ya rubuta wa ɗan ƙaninsa cewa a daina aiko masa wasiƙa da "Michelangelo mai sassaƙa", shi Michelangelo Buonarroti aka san shi. Abin da ya tabbata na girma shi ne a 1515 da Fafaroma Leo na goma ya zo Firenze ya ba ƙanin nasa Buonarroto muƙami da izinin sa alamar gidan Medici, wato gidan su Fafaroman, a tambarinsu.

'Ya'yansa nawa?

Babu ko ɗaya. Bai taɓa aure ba. Na faɗi wannan ya fi sau ashirin.

To ta ina sunan ya ci gaba?

Ta ƙaninsa Buonarroto, wanda annoba ta kashe a 1528 ya bar ɗa mai suna Lionardo. Wannan yaron shi ne duk fatan gidan, kawun nasa ya shafe shekaru yana rubuto masa wasiƙu daga Roma kan irin matar da zai aura, kada ya bi kuɗi ya nemi 'yar gidan mutunci mai lafiya, har dai a 1553 ya auri Cassandra Ridolfi. Shi ne kuma ya ɗauko gawar kawunsa daga Roma a ɓoye ya kawo Firenze aka binne a cocin Santa Croce. Ɗan Lionardo, Michelangelo ƙarami, 1568 zuwa 1646, marubuci ne, shi ya gyara gidan da ke titin Ghibellina ya cika shi da zane-zanen tunawa da babban mai sunan. Daga baya aka yi Filippo Buonarroti da aka haifa a Pisa a 1761, wannan ɗan juyin juya hali ne, ya bar gida ya koma Faransa, ya shiga makircin da wani Bafaranshe mai suna Babeuf ya jagoranta a 1796 na neman daidaita kowa da kowa a dukiya, aka kama shi aka ɗaure, ya mutu a Paris a 1837. Ɗansa Cosimo kuwa minista ya zama a gwamnatin Toskana, bai bar magaji ba, da zai rasu a 1858 ya bar gidan da takardun ga jama'a. A nan layin da ke riƙe da gidan ya tsaya.

Na haɗu da wani Bature a intanet sunansa Buonarroti, ya ce shi jikan Michelangelo ne, har muna maganar aure, yaya zan gane gaskiyarsa?

Ƙanwata zauna, wannan ce kaɗai tambayar da zan ja, don mutum uku suka kawo min irinta, ɗaya ma maganar gado aka yi masa. Farko dai kalmar jika ba ta zauna ba, mutumin bai haihu ba, amma ba zan yanke cewa maƙaryaci ne daga wannan kaɗai ba, don mai yiwuwa abin da ya ji a gidansu ke nan tun yana yaro, kamar yadda gidaje da yawa ke da labarin kakan da ya fito daga wani babban wuri ba wanda ya taɓa bincikawa. Na biyu, yana iya zama sunansa ne na gaskiya a fasfo kuma duk da haka ba abin da ya haɗa shi da gidan titin Ghibellina, tunda na gaya muku Buonarroto sunan yanka ne da kowa ke iya sa wa ɗansa, gida biyu da ba su san juna ba suna iya tashi da suna ɗaya, kamar yadda ba duk Ɗantata ko Bello ne 'yan gida ɗaya ba. Na uku, jinin gidan yana iya gudana ta wajen 'ya'ya mata da aka aurar cikin shekaru ɗari uku, wannan ba abin musu ba ne, sai dai su waɗannan sunan mazajensu 'ya'yansu suka ɗauka, toh kin ga wanda ya fi kusa da jinin ma wataƙila ba Buonarroti yake amsawa ba.

In da gaske kike son sani, kuma in shi da gaske yake, hanya ɗaya ce, takarda bayan takarda daga shi zuwa sama, ba daga Michelangelo zuwa ƙasa ba. Ya je ofishin ƙaramar hukumar da aka haife shi, comune suke cewa, ya karɓo takardar haihuwa mai ɗauke da sunan uba da uwa, sannan ta uban, sannan ta kakan. Rajistar gwamnatin Italiya ta fara a 1866, a Toskana kuwa akwai ta tun 1808 zamanin mulkin Napoleon, kuma da yawa daga tsofaffin an ɗauki hotonsu an sa a shafin gwamnati mai suna Antenati, kyauta ne, amma na baya-bayan nan ba a sa su saboda sirrin mutane, dole shi da kansa ya nema. Kafin 1808 sai littattafan coci, waɗanda aka wajabta ajiyewa bayan babban taron cocin Katolika na Trento da aka kammala a 1563, a Firenze ma an yi sa'a rajistar baftisma ta birnin tana nan tun 1450. To amma fa kada in yi miki alkawarin banza, ana iya bi a kai wani ƙarni a tarar shafi ya ɓace, ko gobara ko yaƙi ko ruwa, ambaliyar kogin Arno ta 4 ga Nuwamba 1966 kaɗai ta lalata takardu masu yawa a Firenze. Kuma rubutun sunan yana canzawa da hannun magatakarda, yau Buonarroti gobe Bonarroti jibi r ɗaya, shi kansa mai sunan da ya sa hannu a jikin mutum-mutumin Pietà da ke cocin San Pietro na Roma, a kan ɗamarar da ta ratsa ƙirjin Maryamu, BONAROTUS ya sassaƙa da Latin, r ɗaya ba u a farko. Saboda haka bambancin harafi ba ya kore dangantaka, daidaiton harafi kuma ba ya tabbatar da ita. Aikin watanni ne, wani lokaci sai an biya mai iya karanta tsohon rubutu, kuma ƙarshe ana iya tashi da "mai yiwuwa" kawai.

Amma ga inda ba na lanƙwasa magana. In ya ce akwai gadon Michelangelo da za a raba, ko ki turo kuɗin lauya ko na biza ko na fito da kaya, ki rufe shi yau ɗin nan. Gidan da abin da ke ciki na jama'a ne tun 1858, ba wanda zai gaje shi. Kada ki ji kunya don kin tambaya, gara da kika tambaya, ki kuma gaya wa wani babba a gida.

Mutum nawa ke da sunan yanzu?

Kaɗan ne ƙwarai. Italiya na da sunayen gida sama da dubu 300, na sahun gaba su ne Rossi, Russo, Ferrari, Esposito, Bianchi, wannan ko kusa da su bai zo ba. Shafukan da ke nuna muku taswira da ɗigo-ɗigo yawanci daga littafin lambobin wayar gida suka ɗebo, wanda ba shi da wayar gida ba a ƙirga shi ba, don haka kada ku riƙe alƙalumansu kamar ƙidayar gwamnati. Inda za ka fi cin karo da sunan a jikin allo ne: tituna a garuruwa da yawa, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Milan, makarantu. Ta Pisa ma, Liceo Filippo Buonarroti, sunan ɗan juyin juya halin ne ba na mai sassaƙa ba, mutane na yawan rikita su.

An ce in na biya za a turo min tambarin gidan a firam?

Kuɗinka ne za ka zubar malam. Tambari na gida ne takamaimai, ba na duk mai suna ba, kuma tsarin mulkin Italiya na 1948 ya daina amincewa da muƙaman sarauta gaba ɗaya.

Ina zaune a Italiya, zan iya canza sunana zuwa Buonarroti?

Ba za a ba ka ba. Ana neman canjin suna ta ofishin Prefetto, wato wakilin gwamnatin tsakiya a lardi, amma dokar 2000 ta hana neman sunan da ke da nauyi a tarihi ko wanda zai sa a zaci kai ɗan wani shahararren gida ne. Kuma haba, me sunan babanka ya yi maka?

In na je Firenze ina zan ga gidan?

Casa Buonarroti, titin Ghibellina lamba 70, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga Santa Croce. Ba cunkoso irin na wajen David, shahararren mutum-mutumin nan da ya sassaƙa. Ka hau sama ka nemi ɗakin da aka ajiye sassaƙa biyu da ya yi yana ɗan shekara goma sha biyar zuwa sha bakwai, ɗaya Maryamu zaune a gindin matakala da jariri, siririn aiki kamar an zana da fensir a kan marmara, ɗayan kuma yaƙi ne jikkuna sun cakuɗe, in ka matsa kusa za ka ga sawun kurfi a saman dutsen inda bai ƙarasa ba. Ka duba ranakun buɗewa kafin ka tashi.