Fatalwowin yaƙin Biyetnam: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa labarin fatalwa ya yi yawa a Biyetnam bayan yaƙi?

Saboda yawan waɗanda suka mutu ba a binne su yadda al'adarsu ta tanada ba. Yaƙin, wanda aka gwabza tsakanin Arewa ta 'yan kwaminisanci da Kudu mai samun goyon bayan Amurka, ya ƙare ranar 30 ga Afrilu 1975 da faɗuwar Saigon, babban birnin Kudu. A 1995 gwamnatin ƙasar ta ce fararen hula kusan miliyan 2 ne suka rasu, ga mayaƙan ɓangarenta miliyan 1.1, kuma kimanin 300,000 daga cikin mayaƙan ba a ga gawarsu ba.

A al'adar mutanen can, mutuwa iri biyu ce. Akwai wanda ya cika a gida cikin iyalinsa, aka yi masa sutura, aka ajiye hotonsa a kan teburin kakanni ana kunna masa turare. Wannan ya huta. Akwai kuma wanda ajali ya riske shi a hanya ko a daji ta hanyar tashin hankali, babu kabari, babu wanda ya san ranar da za a tuna da shi. Shi ne suke cewa kurwarsa tana gararamba da yunwa a inda ya faɗi. To ka auna ƙasar da aka shekara talatin ana gwabzawa a cikinta, tun daga yaƙi da Faransa a 1946.

Yaya labaran suke? Na ban tsoro ne?

Galibinsu na ban tausayi ne. Manomi ya ce ya ga saurayi cikin kakin soja a bakin gonar shinkafa yana tambayar hanyar garinsu. Mace ta yi mafarki da baƙon da ke ƙorafin sanyi da yunwa. Masanin halayyar al'umma Heonik Kwon, ɗan Koriya ta Kudu, ya zauna a ƙauyukan tsakiyar ƙasar ya tattara irin waɗannan labarai a littafinsa na 2008. Ya yi aiki a My Lai, inda sojojin Amurka suka kashe mutum 504 ranar 16 ga Maris 1968 bisa ƙididdigar Biyetnam, da Ha My, inda sojojin Koriya ta Kudu suka kashe 135 a watan Fabrairun shekarar.

Mutanen ƙauye ba korar fatalwar suke yi ba, ciyar da ita suke yi. A gidaje da yawa za ka tarar da ɗan ƙaramin wurin turare a waje, daban da na kakanni da ke cikin ɗaki, an keɓe shi don matattun da ba su da kowa. Ranar 15 ga wata na bakwai a kalandarsu ta wata, ana ajiye musu kunun shinkafa mai ruwa-ruwa, da gishiri, da ɗanyar shinkafa, a ƙona musu kuɗin takarda, har da na kwaikwayon dalar Amurka.

Da gaske ne sojojin Amurka sun yi amfani da wannan imani a matsayin makami?

Ƙwarai kuwa. Wajen 1969 zuwa 1970, sashen farfaganda na sojan Amurka ya naɗi kaset mai kiɗan jana'iza, da kukan yarinya tana kiran babanta, da muryar wai mataccen mayaƙi yana roƙon 'yan'uwansa su koma gida kafin su mutu a banza kamar shi. Da dare ake saka shi ta lasifika daga jirgi mai saukar ungulu ko daga jakar goyo, a bakin dajin da ake zaton 'yan Viet Cong, mayaƙan sari-ka-noƙe masu goyon bayan Arewa, na ɓoye. Sau da yawa amsar da masu lasifikar ke samu ita ce ruwan harsashi. A ganina wannan dabara ta fi nuna rashin imanin masu ita fiye da wayonsu: sun gane abin da ya fi tsorata mutum game da mutuwarsa, suka mai da shi abin wasa.

Ina matsayin gwamnati a nan?

Nan ne zancen ya fi nauyi. Gwamnatin kwaminisanci ta daɗe tana kallon waɗannan al'adu a matsayin camfi, sai bayan sauye-sauyen tattalin arziki na 1986 aka sassauta. Ita tana da nata tsarin tunawa: waɗanda suka mutu suna yaƙi a ɓangarenta gwarzaye ne, ana ba iyalansu takardar shaida, ana gina musu maƙabartu irin ta Truong Son a lardin Quang Tri mai kaburbura sama da 10,000. Sojan Kudu da aka ci da yaƙi ba shi da wannan gata, maƙabartarsu ta Bien Hoa ma an bar ta cikin ciyawa shekara da shekaru. Farar hular da bam ya faɗa wa ita ma ba ta cikin jerin gwarzaye.

Alhali a gida ɗaya sai ka samu wa ya mutu a ɓangaren Arewa, ƙane ya mutu a na Kudu. Uwarsu za ta zaɓi ɗaya ne? Ɗan wurin turaren nan na waje ba ya tambayar kakin da mamaci ya saka, shi ya sa har sojan Amurka da ya mutu a can yakan samu rabonsa. Abin da allon tunawa na hukuma ya tsallake, labarin fatalwa ya riƙe shi.

Musulmi da bai yarda matattu na yawo ba, me zai ɗauka daga wannan?

Ba sai ka gaskata fatalwa ba kafin ka saurari mai labarin. A aƙidarmu mamaci yana barzahu, ba ya dawowa neman kunu. Amma ciwon rasa gawar ɗan'uwa, ba wanka, ba salla, ba kabarin da za a ziyarta, wannan duk wanda ya zauna da iyalan da rikicin Boko Haram ya ɓatar wa mutane ya san shi.

Ba a damfarar mutane da wannan?

Ana yi. Daga shekarun 1990 aka samu masu iƙirarin magana da matattu suna nuna wa iyalai inda ƙasusuwan 'ya'yansu suke. Wasu iyalan sun rantse an taimake su, wasu kuma an cuce su. A 2015 wata kotu a Quang Tri ta yanke wa ɗaya daga cikin irin waɗannan bokaye ɗaurin rai da rai, bayan an gano shi da mutanensa ne ke shirya kaburburan bogi su karɓi kuɗi. Yanzu hukuma ta fi karkata ga gwajin ƙwayar halitta wajen tantance ƙasusuwan da ake tonowa.