Gidan tarihin Plimoth Patuxet

Plimoth Patuxet gidan tarihi ne da ke garin Plymouth a jihar Massachusetts ta Amurka, tafiyar kamar awa ɗaya a mota kudu da Boston. Amma fa ba irin wanda aka saba ba ne da ake jera kaya cikin gilashi a manna musu takarda, a'a, nan ƙauye aka gina sukutum da gidajen katako masu jinkar ciyawa da lambuna da awaki da kaji, aka zuba mutane a ciki suna girki suna noma suna faskare yadda ake yi a shekarar 1627. Wani mai hali ɗan Boston, Henry Hornblower II, shi ya kafa shi a 1947 da sunan Plimoth Plantation, sai a 2020 aka sake suna aka haɗa da Patuxet, wato sunan da masu ƙasar na asali, ƙabilar Wampanoag, ke kiran wurin.

Asalin labarin

A Disambar 1620 jirgin ruwa Mayflower ya iso gaɓar nan da fasinja 102 daga Ingila, wasunsu mutanen da suka ɓalle ne daga cocin Ingila suka yi zaman gudun hijira a garin Leiden na ƙasar Holan. Kafin hunturun farko ya fita kusan rabinsu sun mutu, sanyi da yunwa da ciwo. Gonakin da suka tarar a share ba jeji ba ne da ba mai shi, kufai ne, garin Patuxet ne da annoba ta cinye tsakanin 1616 da 1619 bayan cuɗanya da jiragen Turawa. Tisquantum, wanda littattafan makaranta ke ce wa Squanto, ɗan garin ne da wani kyaftin Bature, Thomas Hunt, ya sace a 1614 ya kai shi Sifaniya zai sayar, da kyar ya kuɓuta ya zauna Landan ya koyi Turanci, da ya dawo gida a 1619 sai ya tarar ba kowa. Shi ya yi wa mutanen Mayflower tafinta, ya kuma nuna musu yadda ake binne kifi a ramin shuka ya zama taki ga masara. Shugaban Wampanoag, Massasoit Ousamequin, ya ƙulla yarjejeniya da su a Maris 1621, kuma ba don tausayi kawai ba, mutanensa sun ƙare da annoba ga maƙwabtansu Narragansett da ƙarfinsu.

Ƙauyen Turawa

An zaɓi 1627 ne don shekarar tana da rubutattun shaidu, akwai takardar rabon shanu mai ɗauke da sunayen mazauna garin, ga kuma bayanin wani baƙo ɗan Holan, Isaack de Rasieres, da ya zo ya kwatanta fasalin garin. A kan tudu akwai ginin katako mai hawa biyu, sama igwa ƙasa wurin ibada, daga nan hanya ta gangara ta nufi teku, gidaje dama da hagu. In ka leƙa ɗaki duhu ne da hayaƙi, ƙasa ba daɓen siminti, murhu a gefe da tukunyar ƙarfe a rataye, gado ɗaya da labule. Masanin tono kayan tarihi James Deetz ne ya dage a ƙarshen shekarun 1960 aka kwashe mutum-mutumi da allunan bayani aka bar wurin da ƙurarsa da kashin dabbobinsa.

Masu wasan kwaikwayon nan kowa ya ɗau sunan wani da ya taɓa rayuwa, wannan gwamna William Bradford wancan soja Myles Standish, da karin harshen yankin da ya fito a Ingila, kuma ba sa fita daga 1627 ko me za ka ce. Ka tambaye su waye shugaban ƙasa su ce maka Sarki Charles na ɗaya, sarkin Ingila na lokacin, ka nuna musu wayarka su yi kamar ba su taɓa gani ba.

Unguwar Wampanoag

Toh nan ne wurin ya bambanta. A bakin kogin Eel akwai Historic Patuxet, wanda shirin da ya haife shi ya fara a 1973. Za ka ga wetu, ɗaki mai kama da kifaffiyar ƙwarya da ake lanƙwasa ɗanyun itatuwa a rufe da ɓawon bishiya ko tabarmar kaba-kaba ta bakin ruwa, ciki an shimfiɗa fatu a kan benci wuta na ci a tsakiya. A waje ana ƙona mishoon, kwalekwalen gungume ɗaya, a hura wuta a kan itacen a bari ta ci kaɗan a kankare gawayin a sake hurawa, kwana da kwanaki har ya yi rami. A gona masara da wake da kabewa wuri guda.

Mutanen da ke wannan ɓangaren ba wasan kwaikwayo suke ba. Yadda aka tsara wurin tun farko, 'yan ƙabilun asali ne na gaske za su sanya kayan gargajiya amma su yi magana da bakinsu na yau, su ba ka labarin kakanni su kuma ba ka na yanzu. Wannan tsarin daidai ne ƙwarai, don Bradford ya mutu tun 1657, su kuwa Wampanoag suna nan, gwamnatin tarayya ta amince da reshensu na garin Aquinnah a 1987 da na garin Mashpee a 2007, kuma a 1993 Jessie Little Doe Baird ta jagoranci fara aikin farfaɗo da harshensu. Shi ya sa ake roƙon baƙi kar su zo da hular gashin tsuntsu ko su riƙa ihun da suka gani a fim, abin yana musu ciwo.

Ƙorafi

Matsalar tsayawa a 1627 ita ce abin da ya biyo baya ba ya fitowa a ƙauyen. A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawa da Metacom, ɗan Ousamequin ɗin nan da ya karɓe su, aka kashe shi a 1676 aka kafe kansa a sanda a Plymouth, aka sayar da kamammu da yawa bayi zuwa tsibiran Karibiyan. Tun 1970 'yan asalin ƙasar ke taruwa a tudun Cole's Hill ranar bikin godiya (Thanksgiving) da Amurkawa ke yi a Nuwamba suna zaman makoki. A 2022 ma wasu 'yan Wampanoag sun yi kira a ƙaurace wa gidan tarihin, suka ce an sa sunansu a allo amma an bar ɓangarensu yana lalacewa kuma ma'aikata 'yan ƙabilar sun ragu.

Sauran wurare

A tashar ruwan garin akwai Mayflower II, kwafin jirgin da aka ƙera a Brixham ta Ingila ya ƙetaro teku a 1957, aka yi masa babban gyara a tashar Mystic Seaport ta jihar Connecticut ya dawo a 2020, duk wanda ya sauka ƙasan jirgin ya ga ƙuncin wurin zai yi mamakin yadda mutum ɗari suka yi kwana 66 a irinsa. Akwai kuma injin niƙa mai aiki da ruwa a rafin Town Brook, kwaikwayon na John Jenney na 1636, har garin masara ake sayarwa. Ana buɗe wurin daga bazara zuwa ƙarshen Nuwamba, da hunturu a rufe yake.